Ragon Inna da Gangar Giya

Sunana Nouhou, mutumin Damagaram, aikina gyaran firigo. A Rungis, babbar kasuwar abinci ta Paris, na koya, cikin ɗakunan sanyin ƴan nama, kafin in koma Lyon in zauna unguwar Minguettes da iyalina. Ban yi nisa a lakwal ba, wato boko. Ƙanena Saley shi ya yi karatun gidanmu duka, ya samu aikin ofis a Paris, ya sayi gida mai ɗakin ƙasa a Vitry, gefen birnin, ya auri Alice, Kirista ƴar Nijeriya daga wajen Jos. Ban je bikin ba. Ƴarsu ɗaya, Amal.

Innarmu tana can gida Zinder. Ta tsufa, ido ya tafi, baki yana nan. Kowace sallar layya raguna biyu nake sa a yanka mini a abatuwa, wato mayanka, ɗaya nawa, ɗaya da sunanta. Nata ko tsoka ba na taɓawa. Dokarta ce a kai shi gidan Saley ɗungurungum, ya ci, ya raba wa ɗaliban Nijar da ba su da kowa a Paris. Ta ce ni ina da matata Ramatou da maƙwabta masu salla, shi kuwa in naman gida bai shiga wurinsa ba, zai manta yana da gida. Saboda wannan ragon na ba shi babban firigo mai murfi a sama, irin mai daskarar da nama. A Rungis na tsince shi an jefar, na raya shi da hannuna.

A shekarar da nake ba ku labari layya ta faɗo cikin zafi. Kashegarin salla abatuwa suka ba ni naman, an sassare shi. Na zuba na Inna cikin akwatunan ƙanƙara biyu. Ƙanƙarar ma kaɗan na samu, duk kantunan unguwa an kwashe. Na ce ba komai, firigo yana jirana a can. Kafin in tayar da mota na kira Saley.

"Yaya, barka da salla. Ka taho da kayan aikinka."

"Kayana kullum suna mota. Me ya lalace?"

"Ƙaramin abu ne. Sai ka zo."

Hanya ta cushe, na isa rana tana tsakiyar kai, rigata ta manne da baya. Alice ta buɗe mini ƙofa, hannunta duk gari. Ta gaishe ni da ladabi, na amsa a taƙaice. Kicin ɗinta cike da farantai da tukwane. Ta ce gobe suna da baƙi, abokan aikin Saley.

"Yana ƙasa, Yaya," ta ce. Ba ta kalle ni ba.

Na sauka. Ɗakin da na sani da kwalaye da tsohon keke ya zama wani abu dabam. An kafa dogon tebur na katako, kujeru masu dogayen ƙafafu, fitilu ja da shuɗi, kofunan gilashi a rataye kai ƙasa. Bayan teburin ga firigona. An shafe shi da baƙin fenti. A saman murfinsa an dasa wani ƙarfe mai walƙiya, da famfo biyu a jikinsa.

Saley yana tsaye cikin gajeren wando, yana murmushin da yake yi tun yana yaro in ya fasa wani abu.

Na ɗaga murfin. Gangunan ƙarfe biyu, tiyo a nannaɗe, tukunyar gas. Ciki ɗumi kamar hammata.

"Mene ne wannan?"

"Ka ga abin da yake."

"Ina so in ji da bakinka."

"Giya ce, Yaya. Ta famfo, irin ta mashaya. Firigon yana zaune wata da watanni ba komai ciki, sai shan wuta. Naman bara tun hunturu ya ƙare."

Ya nuna mini gefen firigon. Rami ne, faɗinsa kamar babban yatsa, mai yana tsattsafowa a bakinsa. Ya ce murfin ya huda lafiya lau, ya dasa famfunan, komai ya yi. Jiya ne ya ga gara ya fitar da tukunyar gas waje don a samu fili, sai ya sa injin huda a gefe, ya ji iska tana fita tana huci.

"Na yi wauta, na sani. Ba sai ka faɗa ba. Bututun sanyi na taɓa."

"Kana sha?"

"Ina sha."

Na juya na kalli matakala. Alice tana tsaye a sama da cokali a hannu.

"Aikinki ya yi kyau, Maman Amal."

"A'a, Yaya, kada ka soma," ta ce. "Ni ban taɓa sa giya a bakina ba. A cocinmu ba a sha. Babana da ya ga wannan ɗakin, da ya riga ka zagi."

"Tun kafin in san ta nake sha," in ji Saley. "Nemi wani ka ɗora wa."

Shekara da shekaru ina riƙe da ita a zuciya. Da ta faɗi haka ban ji sauƙi ba, haushi ya ƙaru, don yanzu babu inda zan ajiye shi sai kan ɗan'uwana.

"Za ka iya gyara shi?" ya tambaya.

"Zan iya."

"Voilà."

"Ba zan gyara ba. Ni Nouhou, mahautan Vaulx-en-Velin da Vénissieux duk ni suke kira, ban taɓa sa hannuna a firigon mashaya ba. Ba a gidan ƙanena zan fara ba."

"To ina za ka sa ragon Inna?"

Na hau kicin na buɗe firigonsu na abinci. Ko allura ba ta da wurin shiga: kaji a jiƙe, salak, kek, kwalabe. Alice ta ce za ta iya matsa cinya ɗaya, ba za ta zubar da aikin da ta wuni tana yi ba. Na ce a kira ɗaliban yanzu su zo su kwashe. Saley ya ce rabinsu suna wurin aikin hutu, sauran sai ƙarshen mako, kuma ɗakunansu ba su da inda za su ajiye ko kaza. Na ce maƙwabta fa? Ya yi dariya.

"Je ka ƙwanƙwasa wa tsohuwar Baturiyar can da buhun nama yana ɗigar jini. Ina nan ina kallo."

Na aike shi neman ƙanƙara. Ya dawo hannu wofi, ya ce ko'ina an sayar. Ko ya nema da gaske, Allah masani.

Na je mota na buɗe akwatunan. Ƙanƙara ta zama jan ruwa. Na danna tsoka da yatsa, ta yi laushi, ba sanyi. Na ɗauko wuyan na shinshina. Bai juya ba tukuna, amma na yi shekaru cikin ƴan nama, na san lokacin da nama yake shawara. Laifin ƙanƙarar nawa ne, wannan na yarda. Amma wa zai yi tsammanin ya iske firigonsa ya shiga wani addini?

Na ɗauko kayan aiki na sauka.

"Saurara da kyau. Don ragon Inna zan yi, ba don kai ba. Waɗannan gangunan su fita. In ya tashi, nama ne zai shiga, nama kaɗai."

"Baƙina gobe..."

"Su sha ruwa."

Ya ce, "D'accord."

"Faɗa da Hausa."

"Na ji, Yaya."

Shi ya fitar da gangunan, ni ban taɓa su ba. Yadda ya rungume su yana ajiyewa a hankali, ko Amal tana jaririya ban ga ya ɗauke ta haka ba. Ya ce in aka girgiza su, sai kumfa kawai za su zubo. Ban tambaye shi ba, amma bakinsa bai tsaya ba: wai dole ganga ta kwana cikin sanyi kafin a buɗe, wai tiyo in ya yi gajere giya ta fito da ƙarfi, in ya yi tsawo ta fito kamar fitsarin tsoho, wai gas ɗin akwai ma'auninsa daidai. Ni duk wannan ban san shi ba, ban kuma so in sani. Abin da na lura, ya haddace shi kamar yadda bai taɓa haddace izu ɗaya ba.

Na sa ya buɗe ƙaramar tagar sama, don gas ɗin irin wannan firigo yana kama wuta. Na yanke ƙarfen da ke kewayen ramin, na ƙwaƙule soson ciki har na ga bututun. Bakin injin ya goge shi ne kawai, ya bar tsaga kamar ƙwayar shinkafa. Na hura shi ya fita tas, na goge, na kunna wuta na liƙe. Saley ya riƙe mini fitila.

"Ɗaga. Ba fuskata za ka haska ba."

"Hannunka bai rawa har yanzu."

"Don ba na sha."

"Kai dai ba ka iya karɓar magana mai daɗi."

"Ban zo cin daɗi ba. Riƙe."

Na canza matacin, na zuƙe iskar ciki, na auna gas na cika. Da na jona wuta injin ya ɗauka da muryarsa ta da. Na ɗora tafin hannu a bangon ciki, na ji sanyi yana tasowa. Akwai wani ƙaramin akwati da Saley ya saka tsakanin firigon da bango, mai lamba ja a fuska. Shi ne yake yanke wuta in sanyi ya kai yadda giya take so, don kada ta daskare. Na cire shi na jefa kan tebur.

"A hankali, Yaya, na jima ina jiransa."

"Firigon nama ba ya buƙatar mai tsawata masa."

Na karɓi bokiti da sabulu wurin Alice, na wanke cikin firigon, na ɗauraye, na sake wankewa. Tiyon famfunan na naɗe su na tura gefe na ɗaure da leda. Sannan na kwaso naman, na tsane shi, na zuba a ledoji masu tsabta, na jera: cinyoyi a ƙasa, haƙarƙari, ƙarfata, wuya a sama inda zan gan shi. Na rufe.

Azahar ta wuce ni a kan aiki, la'asar ta shigo. Na hau sama. A gidan ƙanena babu tabarmar salla. Alice ce ta ɗauko sabon zane daga cikin akwatinta ta shimfiɗa mini a falo, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Na yi sallolina. Na daɗe a zaune, don gwiwoyina sun gaji, kuma ina so firigon ya kama sosai kafin in duba. Ta kawo mini ruwan sanyi da shinkafa. Ruwan na sha.

Da na sauka, abin da na fara gani jar lambar nan ce tana haske. An mayar da akwatin. Gangunan ba sa inda aka ajiye su.

Na ɗaga murfin. Suna ciki, an jona musu tiyo. An tura naman gefe ɗaya an cusa, abin da bai samu wuri ba an ɗora shi a kan gangunan. Ƙarfatar ragon Inna tana kwance a kan bakin ganga kamar hula.

"Tsaya ka ji," in ji Saley. Ya ɗaga hannu biyu. "Na sa shi digiri biyu. Nama ba ya lalacewa a digiri biyu, kai ka sha faɗa mini haka mahauta suke ajiye nasu. Gobe baƙi su zo su tafi, jibi in fitar da gangunan in daskarar. Naman yana cikin leda, giya tana cikin ƙarfe. Babu abin da ya taɓa wani."

Gaskiya ya faɗa. Naman zai kai jibi lafiya. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

"Ka ce ka ji."

"Na ji, ban ce na yarda ba."

"Ragon layya ne. Da sunan uwarka aka yanka shi."

"Uwata ce kamar yadda take uwarka. Allah ya karɓa tun jiya, tun da jini ya zuba. Abin da ya rage nama ne, Yaya. Nama."

"Ka sa na gyara maka mashaya da hannuna."

"Ba wanda ya sa maka bindiga."

Na fara fitar da ledojin ina jefawa cikin akwatunana. Ya zagayo ya riƙe ɗaya.

"Me kake yi?"

"Saki."

"Ba naka ba ne. Ni aka aiko wa."

"An aiko wa ɗan Inna. Ban same shi a gidan nan ba."

"Kai ne ɗanta na ƙwarai, ko? Kai da in ka kira ta sai ta yi kwana tana ciwon kai? Kullum kai ne liman, kai ne alƙali, kai ne ɗan sanda. Shekara nawa kana shigowa gidana kamar mai duba masai? Ka taɓa zama ka ci abincin matata? Ƴata ka taɓa kiranta da sunanta?"

"Saki, na ce."

Bai saki ba. Na fizga, ledar ta yage, haƙarƙari ya faɗi ƙasa. Na ture shi da kafaɗa, ya koma baya ya bugi teburinsa, kofunan da ke rataye suka kaɗa, biyu suka faɗo suka tarwatse. Ya tashi da jini a gwiwar hannu. Na ga ya dunƙule hannu. Na tsaya ina jira. Da ya kai mini naushin, da na fi jin daɗi.

"Dégage," ya ce. "Fita mini daga gida."

Na tsince haƙarƙarin na sa a akwati. Na kwashe komai, har wuyan. Na hau da akwati ɗaya, na dawo na hau da ɗayan, na dawo na ɗauki kayan aikina. Bai taya ni ba, bai hana ni ba. Yana durƙushe yana tsince gilashi.

Alice ta biyo ni har mota, ba takalmi.

"Yaya Nouhou, don Allah bar ko cinya ɗaya. Yanzu zan soya ta, ba za ta koma ƙasa ba. In Inna ta tambaya mu ce mun ci."

"Ku ci kek."

"Wannan ba faɗanka da shi ba ne kaɗai. Tsohuwa ce za ta ji ciwo."

Na rufe ƙofa na tayar.

Ba nisa da nan akwai gidan ƴan ci-rani inda na zauna lokacin ina Rungis. Har yanzu yana nan, da ƴan Mali da ƴan Senegal da namu, da babban kicin a ƙasa inda mata suke dafa wa kowa. Na shiga na ce ga sadakar wata tsohuwa daga Zinder. Kafin in gama magana an ɗora tukwane. Wani dattijo ya tara mutane suka yi wa Inna addu'a mai tsawo, na shafa. Na fito da akwatuna wofi, zuciyata wasai. Na ce a raina nama ya shiga cikin da ya dace.

Na kama hanyar Lyon. Rana ba ta faɗi ba lokacin da na tsaya shan mai, kwanakin nan tana daɗewa. Ina wanke akwatunan a famfon wurin, wayata ta yi ƙara. Inna ce. Jikarta ce take latsa mata, ta miƙa mata.

Muka gaisa. Ta tambayi Ramatou, ta tambayi yara, ta tambayi zafi.

"Ka kai?"

"Na je."

"Ban ce ka je ba. Ka kai?"

Ban iya kewaye-kewaye ba. Na faɗa mata duka: ɗakin, famfunan, ramin, alkawarin da ya karya, ƙarfata a kan ganga, gidan ƴan ci-rani, addu'ar da aka yi mata. Ina magana ina jin kukan awaki a bayanta. Da na gama ta kira sunana.

"Nouhou."

"Na'am, Inna."

"Kana tsammani yau na sani? Zuwansa na ƙarshe da ya durƙusa ya gaishe ni na ji a numfashinsa. Ido ne ba ni da shi."

"To kin ga ke nan..."

"Ban gama ba. Ragon wa ka bayar?"

"Naki."

"Na ce ka bayar?"

"Inna, kan giya ya ɗora shi."

"Ko kan alade ya ɗora shi, tsakanina da shi ne. Aike na ba ka. Yaron nan abu ɗaya ya rage da yake karɓa daga hannuna, kai kuma ka tsaya a tsakani ka ƙwace. Bana ɗana bai ci layyata ba."

Muryarta ta karye a nan. Ban taɓa jin haka ba, ko ranar da Baba ya rasu.

"Sadakar ta isa, Inna. Mutane da yawa sun ci."

"Allah ya ba su lafiya. Ba su na haifa ba."

Na ce zan ɗebo daga nawa in aika masa. Ta ce nawa nawa ne, ba ta yi niyya a kansa ba.

"Kana ina yanzu?"

"A hanya."

"Juya ka koma. Ka tsaya a ƙofarsa ka ce masa ka ci amanata. In ba za ka iya ba, baɗi kada ka yanka komai da sunana. Zan sa a gaya wa Saley ya nemi rago da kansa, matarsa ta tsaya a kai. Ta fi ka jin magana."

"Inna, shi za ki ba layyarki? Shi?"

"Na gama."

Na ji tana ce wa yarinyar ta karɓi abin nan ta kashe.

Na tsaya da akwati a hannu, ruwa yana zuba a takalmina. Gaba kaɗan akwai gadar da ake juyawa a koma Paris, na san ta. Na shiga mota na zauna. Na tuna fuskarsa lokacin da yake ce mini nama ne kawai, na tuna zan tsaya a ƙofar nan in sunkuyar da kai, a ƙasa kuma injin da na liƙe da hannuna yana sanyaya masa ganguna.

Na wuce gadar ban rage gudu ba.

Layyar da ta biyo baya rago ɗaya na sa aka yanka. Mai abatuwa ya tambaye ni ina na tsohuwa, ko ta rasu ne. Na ce tana nan da ranta, ya yi aikinsa.